Adireshi Uku a Bayan Takardar Ta'aziyya

Mayafi biyu, baƙi da ruwan toka. Gumbar sadaka a leda. Faifan kwamfuta da na naɗe a ɗankwali saboda ruwa. Man zafi. Takarda ɗaya a ninke.

Abin da ke cikin jakata ke nan lokacin da motar ta bar Tsafe ta nufi Gusau. Fijo ce mai dogon baya, an cusa mu a kujerar tsakiya, gwiwata tana gogar buhun barkonon wata tsohuwa. Daminar 1999 ce. Gero ya kai kafaɗar mutum a bakin hanya. Mahaifina ya rasu, an yi sadakar bakwai.

"Ɗiyata, ina zuwa da baƙin mayahi haka?" in ji tsohuwar.

"Gusau, Inna. Wurin aiki."

"Aikin mi?"

"Kwamfuta."

"Allah shi sawwaƙe," ta ce, kamar na ambaci ciwo.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Juwairiyya Hamidu, 'yar Kucheri. Na yi karatun kwamfuta a Puna, ƙasar Indiya. Baba malamin gona ne da ya yi ritaya, shi ya tsaya kai da fata sai na tafi, duk da dangi sun ce ɗiya mace ba ta ƙetare teku ba aure. Da na dawo na sami aiki a wani kamfanin auduga da ƙaro a Gusau. Suna da farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi, da shafi ɗaya a intanet inda masu saye daga waje ke duba abin da ke cikin sito. Ni ke kula da injin da shafin ke kai.

Kamfanin da ya haɗa mana farantin yana Kaduna. Injiniyansu shi ne Haliru, mutumin Nahuce ta Bungudu, dogo, mai son kaftani ruwan ƙasa da biro biyu a aljihu. Bai daɗe da fara zuwa ofishinmu ba ya tambayi sunan garinmu. Daga baya ya je ya gaida Baba, suka zauna a zaure suna gardama kan takin zamani har la'asar ta kusa kuɓuce musu. Da ya tafi Baba ya ce, "Yaron ga shina da kai." Wanda ya san Baba ya san bai taɓa yabon kowa fiye da haka ba.

Sai na ɗan yi muku bayanin aiki, don a nan komai ya lalace. Ku yi haƙuri, ba zan tsawaita ba.

A ofishinsu Haliru akwai inji mai aiki ɗaya. Bayan 'yan mintoci yakan ƙwanƙwasa shafin kowane kamfani da suke yi wa aiki, ya ji ko za a amsa. In an amsa ya yi shiru. In ba a amsa ba ya rubuta cewa shafin ya mutu, a tashi injiniya.

Ni kuma wata ranar Laraba na kafa wa injinmu katangar tsaro, wadda a makaranta muke kira fayawol. Tana tsayawa tsakaninmu da duniya, tana duba adireshin duk mai son shiga. Na sa mata dokar da malaminmu ya sha nanatawa: duk adireshin da ya cika ƙwanƙwasa a rufe masa, don haka ɓarayi ke yi. Na san injin Kaduna ma haka yake yi. Na ce gobe da safe zan nemi adireshinsu wurin Haliru in sa cikin waɗanda aka yarda su wuce.

Da safen aka aiko daga Kucheri cewa Baba ya faɗi a gona.

Na ɗauki mayafi na fita. Katangar ta yi aikin da na sa ta. Ta kori injin Kaduna, ta haɗa da sauran kwamfutocin ofishinsu. Masu saye suna ganin shafinmu lafiya lau, Kaduna kaɗai ke ganin Gusau ta mutu. Wayar ofishinmu kuwa ruwan sama ya kashe layinta tun farkon wata. Haliru ya duba, ya ga damina ce, ya yanke cewa matsalar daga babbar tashar tauraron da ke Legas take. Ya hau mota ya tafi Legas.

Ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Likita a Tsafe ya duba shi ya ce a mai da shi gida a kula da shi. Bakinsa na fita kaɗan-kaɗan, sai an kai kunne. Ina ba shi kunu da cokali, Baffa Labbo ƙanensa yana zaune a gefen gado, sai Baba ya ce, "Ina yaron ga na Nahuce?"

"Yana Kaduna, Baba."

"A kira shi. In ba shi ke da bakina, gaban Labbo."

Na je Tsafe wurin mai wayar haya. Wata mata ta ɗauka a Kaduna.

"Injiniya Haliru ba ya nan, ya tafi Legas. Gusau ce ta mutu."

A nan na gane abin da na yi. Na ce, "Ki ce masa Gusau ba ta mutu ba, ni na rufe. Ki ce mahaifin Juwairiyya ba lafiya, yana nemansa."

"To, zan rubuta," ta ce.

Ko ta manta, ko bai kira ta ba, ban bincika ba. Na sake komawa Tsafe, layin ya ƙi shiga. Gidanmu ba shi da nisa da titi. Duk motar da ta rage gudu sai Baba ya tambaya ko shi ne. Daga baya ya daina iya tambaya. Ya rasu ranar Litinin da hantsi, ana yayyafi.

Haliru bai zo jana'iza ba, bai zo uku ba, bai zo bakwai ba. Washegarin bakwai ya zo. Ina wanke kwanuka a bayan zaure na ji muryarsa, na tsaya da soso a hannu. Aka yi addu'a aka shafa. Sai Baffa Labbo, wanda yanzu shi ne waliyyina, ya gyara murya.

"Wa ya hwaɗa maka rasuwar?"

"Maigadin ofishinsu, Baffa. A Gusau."

"Gusau. Daga ina ka iso Gusau?"

"Daga Kaduna, jiya da yamma."

"Ta wace hanya?"

Kowa a zauren ya san hanyar. Ta Funtuwa, ta Kucheri, ta Tsafe.

"Ta nan, Baffa."

"Ka wuce ta ƙohwar garin ga ke nan. Mi ya kai ka Gusau?"

Da wani ne da ya ce zuwa ya yi gaida mahaifiyarsa a Nahuce. Haliru bai iya ƙarya ba. Yana cikin abin da ya sa na so shi.

"Injinsu ne ya mutu, aka turo ni."

"To," in ji Baffa. "Inji ya mutu ka taho. Mutum ya mutu ba ka taho ba. Allah shi ba da lada, a gaida gida."

Da maraice Baffa ya tsaya a bakin ɗakin Inna mahaifiyata ya ce in dai shi ne waliyyi, kada mutanen Nahuce su wahalar da ƙafarsu. Na durƙusa na yi masa bayani. Na ce ni na rufe, ni na sa ya tafi Legas. Ya saurare ni har na gama.

"Ni ban san katangarku ba, Juwairiyya. Na san hanya, na san mota."

Ya sa takalminsa ya fita.

Takardar da ke jakata Haliru ne ya bar ta wurin Gwaggo Kulu, matar Baffa. A gaba ya rubuta: "Juwairiyya, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Wallahi ban sani ba." Na juya ta. A baya akwai layi uku na lambobi da ɗigo a tsakaninsu, a ƙasa kuma: "Adireshin injinmu ne. Na gano katanga ce, ke kaɗai ke da kalmar sirri. Sun ce in shafinku bai dawo ba zuwa ƙarshen mako za su sallame ni. In kin sami dama."

Kada ku yi saurin zaginsa. Takarda ɗaya ce a aljihunsa, kuma gaskiya ya faɗa a duka ɓangarorin. Amma na daɗe ina juya ta.

Na karanta wa Inna. Tana zaune a tabarma da zanen takaba, ba kwalli ba ɗankunne, fuskarta ta koma ta wata mata da ban sani ba.

"Ki tahi ki buɗe mishi abin ga. Kada a kore shi aiki saboda mu."

"Baffa fa?"

"Labbo zahi yake ji. Ɗan'uwanshi ne, ciki ɗaya."

"Ke fa, Inna? Me kika gani?"

"Ni takaba nike. Ba a tambayar mai takaba zancen aure." Ta gyara bakin zanenta. "Ki ɗauki gumba ki kai ma mutanen ofis, sun zo sun yi mutunci."

Shi ya sa nake cikin motar nan. Mun wuce dutsen Kwatarkwashi hadari na haɗuwa a bayansa. Tsohuwar ta yi barci a kafaɗata, ban ture ta ba.

A ofis Wasila ce ta fara ganina. Ita ce sakatariya, ita kaɗai ce mace bayan ni. Ta taso da gyalenta yana jan ƙasa ta rungume ni.

"'Yar Indiya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Kin rame. Wuyan nan kamar na zalɓe." Ta karɓi ledar gumba ta leƙa. "Injiniyanki na can bakin ɗakin inji tun safe, kamar mai jiran a ce an haihu. Na ba shi shayi ya bar shi ƙuda na sha."

"Ba nawa ba ne."

"Au, na wa ne? In kin saki ki faɗa mini da wuri, ina da ƙanwa."

Ta ga ban yi dariya ba, ta kama bakinta.

Haliru yana zaune a kan benci. Kaftanin da ya je Kucheri da shi ne a jikinsa, ya yamutse, wuyan ya yi duhu. Ya miƙe.

"Ya haƙuri, Juwairiyya?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Na buɗe ɗakin. Ƙaramin ɗaki ne ba taga, sanyin na'ura da ƙarar fanka a cikin injin. Na bar ƙofar a buɗe yadda Wasila za ta iya ganinmu daga teburinta. Na zauna na shigar da kalmar sirri. Na miƙa masa takardar.

"Karanto."

Ya karɓa, ya ga ɓangaren ta'aziyyar, ya juya da sauri. Ya rinƙa karanto lambobin ina bugawa. Ɗari da kaza, ɗigo, kaza, ɗigo. Muryarsa ta dishe. A na biyu ya yi kuskure, na ce ya sake. Na sa su uku a saman dokar, yadda katangar za ta gan su kafin ta fara kora. Na adana, na kwafi tsarin a faifai, na sake tayar da ita.

Aikin da bai kai tsawon sallar azahar ba.

"Yanzu sai mu jira ya ƙwanƙwasa," na ce.

Ya ja kujera gaban ɗaya kwamfutar ya rubuta wa abokin aikinsa na Kaduna. Muka zauna. A allona na ga adireshin farko ya zo, an bar shi ya wuce. Ban faɗa masa ba. Can amsa ta shigo a nasa: "Gusau ta dawo. Oga ya gani. Ka sha."

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya bugi tebur da tafin hannu, ya yi dariya. Dariyar gaske, har haƙoransa na ciki. Ya juyo gare ni da ita a fuskarsa, ya ga baƙin mayafina, ta mutu a hankali.

Ba na ganin laifinsa. Mutum ne da aka ce za a kora, aka fasa. Amma na gani.

"Ki yi haƙuri."

"Ba komai."

Ya matso da kujerarsa kaɗan, ya tsaya inda ya dace. "Na yi magana da kawuna Umaru. Ya san Baffa Labbo tun a kasuwar shanu ta Tsafe. Ya ce a bari a yi arba'in, zuciya ta sauka, sai su je da limaminmu. In ya ƙi, a koma. In ya kafe, Juwairiyya, ke mai ilimi ce, kin san waliyyi ba ya hana aure ba hujja. Akwai alƙali."

"In kai ƙanen ubana gaban alƙali, Inna tana takaba a gidan da shi ke cefane?"

"Ban ce yanzu ba."

"Ina da tambaya."

"Ina ji."

"Ranar da injinku ya ce Gusau ta mutu, me ka fara tunani?"

"Faranti. An yi iska a makon."

"Bayan faranti?"

"Tashar Legas. Sun taɓa yi mana haka a Sakkwato."

"Bayan ita?"

Ya mai da idonsa kan allo. Na ci gaba.

"Ni ke zama a ɗakin nan, Haliru. Ba imel daga gare ni, ba waya, kwana da kwanaki. Kucheri tana kan hanyarka. Legas tana ƙarshen duniya."

"Na ɗauka in na gyara layin zan ji daga gare ki. Wallahi abin da na sa a gaba ke nan. A Legas a kan benci nake kwana, ina jiran su gwada. Kuma ke ma ai da kin sa adireshin tun…"

Ya tsaya.

"Ƙarasa."

"A'a."

"Gaskiya za ka faɗa. Ni na rufe, kai ka yi kudu."

Wasila ta daina buga takarda a waje. Na ji ruwa ya fara sauka a kan kwano.

Na yi niyyar in bar sauran a cikina. A mota na yanke haka. Amma yana da haƙƙin ya san abin da Baffa ke riƙe da shi, tun da zai tura dattawa su sha rana a kai.

"Baba ya neme ka."

"Na'am?"

"Kafin ya rasu. Ya ce a kira ka ya ba ka ni da bakinsa, gaban Baffa. Na je Tsafe na buga ofishinku, aka ce kana Legas. Na bar saƙo. Ya yi ta tambaya har bakinsa ya rufe. Baffa na zaune yana ji."

Ya cire hularsa ya riƙe ta da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon cikinta.

"Ba wanda ya ba ni saƙo."

"Na sani."

"A zaure ma bai faɗa ba."

"Baffa ba ya kunyata baƙo sau biyu a zama ɗaya."

Hawaye ya sauko masa, bai share ba. Ban taɓa ganin namiji babba yana kuka a gabana ba sai ranar. Na mai da idona kan allo. Adireshin nasa ya sake zuwa, ya wuce.

"Zan koma Kucheri yau," ya ce. "In durƙusa masa. Ya zage ni, ya doke ni in yana so."

"Ba zai zage ka ba. Zai sa a kawo maka ruwa, ya tambaye ka mutanen gida."

"To me kike so in yi? Ki faɗa, ko mene ne."

"Ka kama motar Kaduna kafin ruwan ya yi ƙarfi."

"Juwairiyya."

"An ce oga ya gani. Ka je ya gan ka."

Ya miƙe. Ya sa hular a karkace, bai gyara ba. A bakin ƙofa ya juyo.

"Bayan arba'in za su zo. Ko kin ce mene ne, za su zo."

Na ji ya yi wa Wasila sallama, na ji ta ce ya ɗauki lema, na ji bai ɗauka ba.

Wasila ta leƙo. "Me kika ce masa? Mutum ya fita kamar an zare masa laka."

"Anjima, Wasila."

"Ke dai Indiya ta busar miki da zuciya."

"Wataƙila."

Wasu cikinku za su ce ƙaddara ce, ba laifin kowa. Na yarda. Wasu za su ce Baffa zai sauko, kuma zai iya sauka, don ba mugu ba ne. Amma na san kaina, na kuma san Haliru. Duk ranar da ya makara dawowa gida zan yi lissafin inda ya nufa maimakon wurina. Duk ranar da muka saɓa, wannan Larabar za ta zo masa baki, ya haɗiye ta don yana da kirki. Yau ma ya haɗiye, na ga maƙogwaronsa. Ba na son gidan da mutum biyu ke yafe wa juna abu ɗaya kowace safiya.

Ina son shi. Wannan bai canja ba, kuma bai taimaka ba.

Na tashi na tura ƙofar ta rufu, ƙarar ruwan ta ragu. Ranar da dattawan Nahuce suka sauka a zaurenmu ba zan bar Baffa ya ɗauki nauyin ba. Ni zan aika musu da amsa ta bakin Gwaggo Kulu, kuma a'a ce.